Kuɗin Goro: Yahudawa a Cikin Alƙur'ani da Tarihin Musulmi

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata 'yar magana ce da na ji a garinmu lokacin hutun da ya wuce. Muna zaune a ƙofar gida da la'asar sakaliya ana hirar tsadar hatsi, sai aka ambaci wani attajiri da ya cika rumbuna da gero tun kaka, ya ƙi fitarwa sai damina ta tsaya sosai. Wani dattijo cikin masu hirar ya yi tsaki ya ce, "Ai wane Bayahude ne." Duka aka yi dariya, har da ni. Shi wannan attajiri kuwa Musulmi ne ɗan Musulmi, ya je Makka ba sau ɗaya ba, kuma a sahun farko yake salla. Sai da na kwanta da dare maganar ta dawo mini. Na lissafa mu duka da muka zauna a kan tabarmar nan, babu ko ɗaya da ya taɓa ganin Bayahude da idonsa, balle ciniki ya haɗa su. Daɗin daɗawa, shi dattijon da ya yi maganar, sunansa na yanka sunan ɗaya daga cikin Annabawan Bani Isra'ila ne.

A bakin Bahaushe kalmar nan ta tashi daga sunan mabiyin wani addini ta koma zagi. Marowaci Bayahude ne, maci amana Bayahude ne, wasu ma kowane farar fata suka gani Bayahude ne a wurinsu. In ka tambayi dalili, sai a ce maka ai Alƙur'ani ne ya faɗa. To, jingina wa Littafin Allah magana ba abin wasa ba ne. Saboda haka na ga ya kamata mu 'yan nazarin harshe, waɗanda aikinmu shi ne bin diddigin kalmomi, mu duba mu gani. Zan fara da abin da ke cikin harshenmu, sa'an nan Alƙur'ani, sa'an nan zaman Madina da abin da ya biyo baya, har zuwa inda labarin ya taɓo Kano. Lambobin ayoyin da zan ambata na bugun Hafsu ne. Mai riƙe da Warshu yana iya samun 'yar tazara kaɗan.

Abin da harshenmu ya riga ya ɗauka

Mai karatu, ka ƙirga sunayen mutanen gidanku. Da wuya ka rasa Musa ko Haruna, Dauda ko Sule, Yakubu ko Yusufu, Iliyasu, Zakari ko Yahaya. Duk waɗannan Annabawan Bani Isra'ila ne, kuma mun riƙe sunayen har mun yi musu laƙabi irin namu, muna ce wa Musa Kalla, muna ce wa Yusufu Maitama. Shi kansa sunan Isra'ila sunan Annabi Yaƙuba ne, ɗan Is'haƙa, jikan Annabi Ibrahim. Larabawan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fito daga cikinsu zuriyar Isma'ila ne, ɗan Ibrahim. Ashe gida ɗaya ne ya rabu ɗaki biyu.

Haka kuma ranar Asabar. Mun aro ta daga Larabci, as-sabt, ita kuwa tushenta ɗaya da Shabbat ta Ibrananci, watau ranar da Yahudawa ke ajiye aiki don ibada. Muna da Attaura, muna da Zabura. Watan Cika-ciki ma yana da nasa labari. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da Manzon Allah ya isa Madina ya tarar Yahudawa suna azumin Ashura don godiya a kan ranar da Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, sai ya nuna cewa Musulmi sun fi cancanta da Musa, ya azumci ranar, ya kuma yi umurni a azumce ta. Ke nan duk wanda ya yi azumin Ashura yana tuna ranar da aka 'yanta Bani Isra'ila ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Sunaye uku, murya uku

Alƙur'ani mai girma yana kiran waɗannan mutane da sunaye dabam-dabam, kuma kowane suna da wurinsa. Akwai Bani Isra'ila, wanda ya zo kimanin sau 40, yawanci a cikin labarin mutanen da, na zamanin Annabi Musa da bayansa. Akwai Ahlul Kitabi, watau ma'abota Littafi, wanda ya haɗa su da Nasara ya raba su da masu bautar gumaka. Sa'an nan akwai kalmar Yahudu ita kanta, wadda ba ta wuce sau 9 ba, kuma duk a surorin da suka sauka a Madina take, watau Baƙara da Ali Imrana da Ma'ida da Tauba. Wannan ya nuna mana cewa kalmar ta fi zuwa ne a lokacin da ake zaune gari ɗaya da wasu mutane sanannu, ana muhawara da su ido da ido.

In muka tattara ayoyin, za mu ji murya uku. Ta farko ta girmamawa ce. Babu Annabin da aka ambaci sunansa kamar Musa, har sau 136. Sura mafi tsawo ta samo sunanta daga saniyar da aka umurci Bani Isra'ila su yanka, sura ta 17 kuma, Isra'i, ana kiranta Suratu Bani Isra'ila. A Baƙara, aya ta 47, Allah yana tuna musu ni'imar da ya yi musu da fifikon da ya ba su a kan mutanen zamaninsu. A Ma'ida, aya ta 44, an siffanta Attaura da shiriya da haske. A Hajji, aya ta 40, inda aka fara ba Musulmi izinin kare kansu, an jera wuraren ibadar Yahudu da na Nasara tare da masallatai cikin wuraren da ake ambaton sunan Allah, waɗanda da za a rushe su in da babu masu tsare su.

Murya ta biyu ta zargi ce, kuma mai zafi ce, ba zan ɓoye ba. An zarge su da bautar ɗan maraƙi bayan Musa ya tafi ganawa da Ubangijinsa, da warware alkawari, da kashe Annabawa, da karkatar da kalmomin Littafi daga wurarensu, da cin riba bayan an hana su. An misalta waɗanda aka ɗora wa Attaura suka ƙi aiki da ita da jakin da ke ɗauke da littattafai. A Ma'ida, aya ta 82, an sa su tare da mushirikai cikin masu tsananin gaba da muminai, a aya ta 51 kuma an hana ɗaukarsu majiɓinta. Game da aƙida kuwa magana a fili take: Alƙur'ani ya ce Ibrahim bai kasance Bayahude ko Banasare ba, kuma ya kira su da su yi imani da Annabi Isa da Annabi Muhammadu, abin da addininsu bai yarda da shi ba har yau.

Murya ta uku ita ce aka fi mantawa da ita a wurin wa'azi, ita ce ta warewa. Kusan duk inda zargi ya yi tsanani sai ka ga an ce wani ɓangare daga cikinsu, ko da yawa daga cikinsu, ko an keɓe wasu 'yan kaɗan. Ali Imrana, aya ta 113, ta yanke cewa ba a taru an zama ɗaya ba, akwai masu tsayuwar dare suna karatu suna sujada. Aya ta 75 a wannan sura ta kawo misalin amana: akwai wanda in ka ba shi ajiyar dukiya mai yawa zai mayar maka, akwai kuma wanda ko dinari ɗaya ka ba shi sai ka tsaya a kansa. A'arafi, aya ta 159, ta ce a cikin mutanen Musa akwai al'umma mai shiryarwa da gaskiya. Ko labarin nan na mutanen bakin teku da suka keta alfarmar Asabar aka mayar da su birai, wanda ake yawan jifa da shi, in ka karanta shi daga aya ta 163 zuwa ta 166 za ka ga mutanen garin sun kasu. Wasu sun yi laifin, wasu sun yi musu wa'azi, kuma masu wa'azin Allah ya tserar da su. To, su waɗannan da aka tserar, ai su ma Bani Isra'ila ne.

Akwai wani labari da malaman tafsiri irin su Ɗabari suka kawo a sababin saukar aya ta 105 zuwa ta 112 a Suratun Nisa'i. A ɗaya daga cikin ruwayoyin, wani mutumin Madina mai suna Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ ya saci sulke ya kai ajiya gidan wani Bayahude. Da aka bi sawu aka sami sulken a can, sai danginsa suka zo wurin Manzon Allah suna neman ya wanke ɗan'uwansu, laifin ya faɗa kan Bayahuden. Ayoyin suka sauka suna hana kare maciya amana, suna kuma bayyana girman zunubin wanda ya yi laifi ya jefa shi kan marar laifi. Aka wanke Bayahude, asirin mai da'awar Musulunci ya tonu. Ban da haka, aya ta 5 a Ma'ida ta halatta cin yankansu da auren matansu masu kamun kai. Mutum kuwa ba ya cin abincin wanda aka ce masa najasa ne, balle 'ya'yansa su kira shi kawu.

Zaman Madina

Lokacin da aka yi Hijira a shekarar 622, a Madina akwai manyan ƙabilun Yahudu uku: Banu Ƙainuƙa'a, waɗanda maƙera ne da 'yan kasuwa, da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza, masu gonakin dabino da ganuwoyi. An rubuta wata yarjejeniya, wadda Ibn Is'haƙ ya adana nassinta, ta kuma iso mana ta hannun Ibn Hisham. A cikinta an ambaci rukunonin Yahudu da ke ƙawance da gidajen Ausu da Hazraju, aka ce jama'a ɗaya suke da muminai wajen tsaron gari da ɗaukar nauyin yaƙi, amma kowa da addininsa. Har wata 16 ko 17 bayan Hijira Musulmi suna fuskantar Baitil Muƙaddas a salla, kafin a juya alƙibla zuwa Ka'aba.

Zaman bai ɗore ba. Bayan yaƙin Badar, a 624, rikici ya tashi a kasuwar Banu Ƙainuƙa'a a kan wulaƙanta wata Musulma, aka yi kisa, aka tsare su har suka sallama, suka bar gari. A 625 aka fitar da Banu Nadir bayan an tuhume su da shirin kashe Manzon Allah. Labarinsu na cikin Suratul Hashri. Mafi tsanani shi ne na Banu Ƙuraiza a 627. An tuhume su da warware alkawari a daidai lokacin da rundunonin Ƙuraishawa suka kewaye Madina a yaƙin Handaƙ. Bayan sun sallama aka danƙa hukuncinsu ga Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban Ausu, tsohon abokin ƙawancensu, ya yanke a kashe mazan, a kama mata da yara. Ruwayoyi sun saɓa a kan yawan waɗanda aka kashe, daga 400 har zuwa 900, wasu masana na baya kuma, irin su W. N. Arafat a 1976, sun yi shakkar wannan lissafi. Ko ta yaya dai, abu ne mai nauyi, kuma littattafan sira na Musulmi ne da kansu suka adana shi. A 628 aka ci Haibara, aka bar mutanenta a gonakinsu bisa sharaɗin ba da rabin amfani, har zamanin Halifa Umar da ya tashe su.

Abin lura a nan shi ne, kowace ƙabila an yi da ita ne ita kaɗai, a kan abin da aka tuhume ta da shi. Da aka tsare Banu Ƙainuƙa'a ba a taɓa Banu Nadir ba, da aka fitar da Banu Nadir kuma Banu Ƙuraiza suna zaune a gidajensu. Kuma a cikin waɗannan shekaru ne Abdullahi ɗan Salam, babban malaminsu, ya musulunta ya zama sahabi. A cikinsu ne wani malaminsu attajiri, Muhairiƙ, ya fita yaƙin Uhudu tare da Musulmi ranar Asabar, aka kashe shi, ya bar wa Manzon Allah gonakinsa aka mai da su sadaka. Safiyya, Uwar Muminai, 'yar shugaban Banu Nadir ce. Buhari ya ruwaito cewa an wuce da gawar wani Bayahude sai Manzon Allah ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko gawar wane ne sai ya tunatar da su cewa shi ma rai ne. Ya kuma ruwaito cewa Manzon Allah ya yi wafati sulkensa na jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Watau har ƙarshen rayuwarsa akwai Bayahude a Madina da ake ciniki da shi, ana kuma ba shi jingina.

Zaman amana

Da daular Musulunci ta faɗaɗa, sai mafi yawan Yahudawan duniya na wancan zamani suka sami kansu a ƙarƙashinta. Shari'a ta ba su matsayin 'yan amana, watau ahluz zimma. Mazansu baligai masu iko suna biyan jiziya, a tsare musu rai da dukiya da wuraren ibada, su kuma yi shari'ar aure da gado a gaban malamansu. Bayan an ci Ƙudus a zamanin Umar aka bar su suka koma zama cikin birnin, alhali Rumawa sun daɗe da hana su. Amma fa ba daidai suke da Musulmi ba. Littattafan fiƙihu sun hana su gina sabon wurin ibada da hawan doki, aka kuma ce tufafinsu su bambanta. Wasu sarakuna sun yi sako-sako da waɗannan sharuɗɗa, wasu kuwa, kamar Halifa Mutawakkil a 850, sun matsa.

A wannan zama aka yi musayar ilmi da ya kamata ta ba ɗalibin Hausa sha'awa. Sa'adiya Gawon, wanda aka haifa a Masar ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci. Malamansu suna rubuta Larabci da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci muka kira shi ajami. A Andalus, a ƙarni na 10, wani mawaƙinsu, Dunash ɗan Labrat, ya ɗauki ma'aunan arulin Larabci ya ɗora wa waƙar Ibrananci, abin da malamanmu suka yi wa rubutacciyar waƙar Hausa bayan ɗaruruwan shekaru. Hasdai ɗan Shaprut ya zama likita kuma manzon Halifa Abdurrahman na Uku a Ƙurɗuba. Sama'ila ɗan Nagrila ya zama wazirin Garnaɗa har ya rasu a 1056.

Sai dai a wannan Garnaɗa, a 1066, jama'a suka tashi suka kashe ɗansa Yusufu da ya gaje shi, suka kuma far wa Yahudawan gari suka kashe masu yawa. Rayuwar Musa ɗan Maimun, babban malaminsu, ta haɗa fuskokin nan biyu. A Ƙurɗuba aka haife shi, danginsa suka yi gudun hijira bayan Muwahhidawa sun ci garin a 1148 suna tilasta wa mutane barin addininsu. Ina ya tafi? Wata ƙasar Musulmi, Masar, inda ya zama likita a fadar gidan Salahuddini har ya rasu a 1204. Ya yi kuka da wulaƙancin da mutanensa ke sha a wasiƙar da ya aika wa Yahudawan Yaman, amma kuma ya yi fatawa cewa Musulmi masu kaɗaita Allah ne, ba masu bautar gumaka ba. Masana tarihi da dama, har da Bayahude irin Mark Cohen, sun auna suka ga cewa zaman bai kasance aljanna ba, amma ya fi na Turai sauƙi ƙwarai, inda aka karkashe su a bakin kogin Rhine a 1096, aka kore su daga Ingila a 1290. Da sarakunan Spain suka kore su a 1492, Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu ne ya buɗe musu ƙofofin Santambul da Salonika.

Daga Tuwat zuwa Kano

A daidai wannan lokaci ne labarin ya taɓo mu. Kowane ɗalibin tarihin ƙasar Hausa ya san Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, wanda ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta kafa hujja da maganganunsa. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne abin da ya faru kafin ya iso.

A Tuwat, wani zango na hamada a kudancin Aljeriya ta yau, akwai Yahudawa da suka daɗe a garin Tamantit, suna da hannu a fataucin hamada, suna kuma da kusanci da masu mulki. Maghili ya ga cewa sun fita daga sharuɗɗan amana, saboda haka ba su da sauran kariya, kuma wajibi ne a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a. Aka aika da tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis. Ibn Zakri, muftin Tilimsan, ya hana rushewa. Tanasi ya goyi bayan Maghili, Sanusi kuma ya yaba wa amsar Tanasi. Dukkansu malaman Malikiyya ne, littattafai ɗaya suke karantawa, kuma Wansharisi ya tara fatawoyin nan a cikin Mi'iyar. Da amsar da yake so ta iso, wajen 1492, Maghili ya tara jama'a aka rushe wurin, aka kashe wasu, sauran suka watse.

Bayan haka ne ya bi ta Ahir zuwa Kano da Katsina, sa'an nan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulki a 1493. Yana can labari ya zo masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kuwa kama su. Amma Malam Mahmudu ɗan Umar na Tambutu, kamar yadda Ahmad Baba ya ruwaito, ya ƙi yarda, ya ce waɗannan ba su yi komai ba, sai aka sake su. Duk da haka, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya ziyarci Tambutu a farkon ƙarni na 16 ya rubuta cewa sarkin ba ya barin Bayahude ya zauna a garin.

Ban kawo wannan don rage darajar Shaihu Maghili ba; hidimar da ya yi wa Musulunci a ƙasar Hausa ba ta ɓoyuwa. Na kawo shi ne don mu ga cewa ra'ayinsa a wannan mas'ala ɗaya ne daga cikin ra'ayoyi biyu na malaman zamaninsa. Mu mun san sunan Maghili domin shi ne ya zo mana. Asnuni da Ibn Zakri ba su tako ƙasarmu ba, shi ya sa ba mu ji tasu hujja ba.

Zamanin nan

Zafin da ake ji yau yawancinsa ba daga Madina ya taso ba, daga Falasɗinu ne. An yi alkawarin Balfour a 1917, aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948, aka raba Falasɗinawa kimanin 700,000 da gidajensu. A shekarun da suka biyo baya Yahudawa wajen 800,000 suka bar ƙasashen Larabawa, wasu da son ransu, wasu a kan tilas, har garuruwa irin Bagadaza suka wayi gari kusan babu su. Yaƙin da ya ɓarke a Oktoban 2023, bayan harin Hamas da ya kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila, ya ci rayukan dubun-dubatar Falasɗinawa a Gaza, da yawansu mata da yara. Duk mai zuciya tilas ya ji ciwon wannan, kuma faɗin cewa zalunci zalunci ne wajibi ne.

Amma gwamnati dabam, addini dabam. Akwai Yahudawa da suka fito tituna a Amurka da Ingila, har da cikin Isra'ila, suna Allah wadai da abin da ake yi a Gaza. Haka kuma wasu zantuttukan da muke ɗauka na addini ne, kayan aro ne daga Turai. Littafin nan da ake ce wa Protocols, mai cewa Yahudawa na da shirin ɓoye na mallake duniya, a Rasha aka fara buga shi a 1903, jaridar Times ta London ta tona cewa ƙage ne a 1921, daga baya aka fassara shi da Larabci. Yahudawan duniya duka ba su wuce miliyan 16 ba, Hausawa sun ninka su. A ɗaya gefen kuma, Musulmin Albaniya sun ɓoye Yahudawa a gidajensu lokacin yaƙin Hitila, kuma a 2016 malaman Musulunci daga ƙasashe da yawa suka taru a Marrakesh suka fitar da sanarwa a kan haƙƙin marasa rinjaye, suna kafa hujja da yarjejeniyar Madina.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, abin da na gano shi ne Alƙur'ani ya yi saɓani da Yahudu a kan aƙida, ya zargi masu laifi daga cikinsu da kakkausar murya, amma bai yi musu kuɗin goro ba. Mu ne muka yi. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci, kuma sau da yawa an maimaita mana cewa babu mai ɗaukar nauyin laifin wani.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, don me aka cika Littafinmu da labarin Bani Isra'ila? Ai ba don mu sami abin zagi ba ne. An ba wasu mutane Littafi kafin mu, wasunsu suka riƙe, wasunsu suka ci riba, suka sayar da ayoyi, suka yi wa doka dabara. Manzon Allah kuwa ya yi gargaɗin cewa wannan al'umma za ta bi sawun waɗanda suka gabace ta taki bayan taki. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Attajirin nan na garinmu da ya ɓoye gero mutane na kwana da yunwa, ba sai mun je Haibara mun aro masa suna ba. Harshenmu na da sunansa: marowaci ne, kuma namu ne.

Allah ya sa mu zama masu adalci a zuci da baki, ya kuma yafe mana inda muka yi kuskure. Wassalam.